Yadda ɗan kasuwa zai lissafa kuɗin duwan kafin kayansa su iso Maraɗi

Ɗan kasuwar da ya yi odar kaya daga Sin ko Dubai, ko ta tashar Lome za su biyo ko ta Kwatano, bai kamata ya jira sai mota ta tsaya a ofishin duwan ba sannan ya ji abin da zai biya. Abu uku ne ke yanke kuɗin: rukunin kayan, darajarsu, da ƙasar da aka yi su.

A fara da rukuni. Kowane kaya yana da lamba a kundin da Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Burusel take kula da shi. Alƙaluma 6 na farko iri ɗaya ne a ko'ina, ƙasashen yankinmu kuma suka cika su zuwa 10. Wannan lamba ita ce ke jefa kaya cikin ɗaya daga matakai biyar na harajin bai-ɗaya na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2015: babu haraji a kan irin su magunguna, kashi 5 cikin 100 a kan injuna da ɗanyen kaya, 10 a kan kayan da aka ɗan sarrafa da kuma shinkafa, 20 a kan kayan da aka gama, sai 35 a kan waɗanda ake son kare masu yin su a gida, kamar naman kaji. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da kuɗin sefa, wadda ke aiki da waɗannan matakai.

Darajar kaya ita ce inda mutane da yawa suke tafka kuskure, domin suna ɗora lissafi a kan kuɗin saye kawai, alhali duwan tana haɗawa da kuɗin jigila da na inshora. A ce duka ukun sun kama sefa miliyan 10, kayan kuma suna matakin kashi 20. Harajin shigowa miliyan 2 ke nan, sai kuɗin ƙididdiga na kashi 1, wato 100,000. Harajin ƙarin daraja, wato TVA, na kashi 19 kuwa ba a kan miliyan 10 ake ɗora shi ba, a kan jimlar ne bayan an haɗa harajin, don haka ko a waɗannan biyu aka tsaya, kashi 19 na 12,100,000 ya kama 2,299,000. An riga an kai 4,399,000 tun ba a saka ƙananan kuɗaɗen ƙungiyoyi ba, kamar na UEMOA da rabin kashi ɗaya da ƙawancen AES na Nijar, Mali da Burkina Faso ya sanya a 2025. A adana takardar saye ta gaskiya, domin idan jami'i ya yi shakkar farashin da aka rubuta, doka ta ba shi damar kimantawa da na makamantan kayan.

Asalin kaya kuma takarda ce ke tabbatar da shi. Abin da aka ƙera a ƙasashen UEMOA kamar Senegal ko Togo, in yana da shaidar asali, ba ya biyan harajin shigowa, amma kayan Sin ba sa zama na Togo don sun kwana a Lome.

Hujjar matakan a fili take: a sauƙaƙa wa mai shigo da inji, a tsananta wa mai shigo da abin da za a iya yi a gida, baitulmali kuma ta samu kuɗi. Na yarda da wannan hujja inda akwai masu sana'ar da za a kare, kamar masu tatsar man gyaɗa a jiharmu. Inda babu masana'antar, mai saye a kasuwa ne ke ɗaukar nauyin, kuma tazarar farashi tsakanin Ɗan Isa ta Nijar da Jibiya ta Najeriya ita ce ke ciyar da fasa-ƙwauri.