Ido ba ya auna bilic

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, ban da wajen haɗa bilic. Shekara 6 na yi ina goge-goge a wani ƙaramin asibiti a nan Bauchi, kuma farkon zuwana tuttulawa kawai nake yi a bokiti, sai warin ya bugi hancina in ce ya ji. Hannuwana duk suka tsattsage, zannuwana biyu suka yi dabbare-dabbare, kafin wata nas da muke kira Anti ta zaunar da ni ta koya min lissafin.

Fara da juya robar bilic ɗin ki karanta ƙarfinsa. Jik da Hypo da muke saya a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal yawanci 3.5% ne. Ki raba wannan da ƙarfin da kike so, ki cire ɗaya. Abin da ya rage shi ne awon ruwanki. Mai ƙarfi, wato 0.5%, na jini ne da amai da kashin ɓera: 3.5 a raba da 0.5 ya ba da 7, a cire 1, saura 6. Kofi ɗaya na bilic, kofi 6 na ruwa, kuma da kofin da kika auna wannan za ki auna wancan. Na roba, don bilic yana cin ƙarfe, kada ki ɗauko gwangwanin madara.

Maganar ɓera ba wasa ba ce a jihar nan, tunda duk rani sai an ji labarin zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa. In kika ga kashinsa a sito, kada ki share shi a bushe ƙura ta tashi. Ki sa safar hannu, ki jiƙa shi da mai ƙarfin nan, ki ba shi minti 10, sannan ki kwashe.

Na goge ƙasa da tebur da mariƙin ƙofa 0.1% ya isa, awo ɗaya na bilic cikin 34 na ruwa. Wa zai tsaya ƙirga kofi 34 da sassafe? Ga dabarata: na juye ledar fiya wata 20 a bokitina, lita 10 ke nan, na shata layi da jan farce daidai inda ruwan ya tsaya. Sai na sayi sirinji mai 20ml a kemis, na auna 300ml na bilic a wani kofi, shi ma na yi masa layi. Tun ranar ban sake lissafi ba, layi da layi kawai.

Ruwan sanyi za ki sa. Ki fara wanke wurin da sabulu, don dauɗa tana kashe masa ƙarfi.

Kada ki kuskura ki gauraya shi da ruwan wanke masai mai asid. Na taɓa zuba su biyun a banɗaki, wai don ya fi haske; hayaƙin kulorin ya shaƙe ni, da rarrafe na fito ina tari hawaye na zuba.

Wanda kika haɗa na yini ɗaya ne, zafi da rana suna sace ƙarfinsa, balle zafin Afrilu. In ya kwana ki zubar ki sake sabo. Kuma ko kusa kada ki ɗura shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, yaro ba ya tambaya kafin ya kafa kai. Ki rubuta 0.5% ko 0.1% da alƙalamin maka a jikin jarkar, ki ɗora ta can saman kanta.