Yadda za ka bi sawun matan Ayalan fursunoni da aka kai Ostireliya aikin hukunci

Abu na farko dai, kar ka fara da suna kaɗai, wallahi za ka sha wahala, don Mary da Bridget sun cika rajistar, sai ka tarar da mata da yawa suna ɗaya. Nemo sunan jirgin ruwan da ya kai matar da kake nema, da shi hukuma ke gane kowace fursuna har ta gama wa'adinta. Jirgi na farko daga Ayalan shi ne Queen, ya taso daga Cork ya isa Sydney a 1791.

Sai shekara. In kafin 1840 ne ka fi mai da hankali kan New South Wales, bayan nan kuma Tasmaniya, wadda a lokacin ake kira Van Diemen's Land, har 1853 da aka daina kai su.

A Dublin, gidan adana takardun ƙasa na da rumbun bincike a intanet, amma rajistar kafin 1836 ta ƙone a gobarar ginin kotuna na Four Courts ta 1922, to kar ka ɓata lokaci kana nemanta. Abin da ya fi daɗi a can takardun koke ne, iyaye ko miji na roƙon a yi sassauci, nan za ka ji ainihin halin gidan. Da yawa kafin tafiya a kurkukun Grangegorman aka tsare su.

Takardun Tasmaniya kuwa su ne masu nama. Shiga rumbun sunaye na intanet, Tasmanian Names Index, ka buɗe takardar halayyarta, za ka ga laifin, galibi satar tufafi ne ko ɗan kuɗi, hukunci shekara 7, sannan wata takardar ta kwatanta tsayinta, launin ido, har tabon da ke goshi. A shekarun yunwar nan da ta fara 1845 akwai waɗanda suka cinna wa ciyawa wuta da gangan don a tafi da su, ka ji fa.

Amma ka karanta da lura, masu tsaronta ne suka rubuta. In ka ga "rashin kunya" ko "ta fita ba izini", galibi maigida ko uwar ɗakin da aka tura ta aikatau ne suka kai ƙara, bakin ita yarinyar ba ya ciki, daga nan sai a mayar da ita gidan yarin mata na Cascades a Hobart wankin kaya. Wadda ta yi ciki ma hukunta ta ake yi bayan yaye, jarirai kuma sun mutu sosai a gidan, don haka duba rajistar mace-mace.

Daga nan ka nemi takardar izinin aure, don da ta yi aure sunan mijin za ka koma bi.