Yadda ake zama injiniyan sadarwa a fannin girgije

Kamfanoni da dama sun daina sayen sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da bayanansu, suna jibgewa a ɗaki guda. Haya suke yi ta intanet daga manyan cibiyoyin kwamfuta irin su AWS na Amazon, Azure na Microsoft da Google Cloud, abin da ake kira girgije. Sai dai sabobin haya ma dole a haɗa su da juna, a haɗa su da ofisoshin kamfanin, a buɗe wa abokan ciniki hanya, a toshe wa masu kutse. Wannan shi ne aikin injiniyan sadarwar girgije, kuma ga yadda ake kai wa gare shi.

Matakin farko, kada ka fara da girgijen. Na san wannan ba ya yi wa mai ɗoki daɗi, amma girgije wayoyin haɗi kawai ya ɓoye maka, ƙa'idojin tafiyar bayanai suna nan yadda suke. Ka zauna da adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a sadarwa, har ya zama ba ka buƙatar kalkuleta: ka san zangon da aka rubuta da /24 adireshi 256 ne, /16 kuma 65,536, ka san dalilin da ya sa adireshin da suka fara da 10 ko 192.168 na cikin gida ne, ba sa fita intanet sai ta hanyar NAT, wato musanya adireshin ciki da na waje. Ka gane bambancin TCP da UDP, ƙa'idoji biyu na aika bayanai, yadda DNS ke mai da suna adireshi, da yadda rawuta, na'urar da ke tura bayanai daga wata sadarwa zuwa wata, ke duba teburin hanyoyinta ta zaɓi hanya. Manhajar CCNA ta Cisco ko Network+ ta CompTIA ta tattaro waɗannan duka, ko ba ka da niyyar zana jarrabawar. Ka gwada a manhajojin kwaikwayon sadarwa irin su Packet Tracer ko GNS3, sannan ka buɗe manhajar Wireshark ka kalli fakiti, wato ƙullin bayanan da ke tafiya, da idonka lokacin da kake buɗe wani shafi. Nan ne za ka fi daɗewa, kuma ya cancanci daɗewar.

Bayan haka sai Linux, domin yawancin sabobin da za ka haɗu da su shi suke amfani da shi. Ba sai ka ƙware ba tukuna. Ka iya shiga saba daga nesa ta SSH, ka iya aiki da umarnin binciken sadarwa irin su ping, traceroute, dig da tcpdump, ya isa ka ci gaba.

Yanzu ka zaɓi girgije ɗaya tak. Wanda ya fahimci VPC a AWS, wato keɓantacciyar sadarwarka a cikin girgije, ba zai sha wuya da takwaransa VNet a Azure ba, amma wanda ya kama uku a lokaci guda sunaye kawai zai haddace. Kana buɗe asusu, kafin komai ka kunna gargaɗin kuɗi, domin abubuwa kamar NAT Gateway ana cajinsu duk awa ko ana amfani da su ko ba a yi. Sannan ka gina VPC da hannunka, kada ka karɓi wanda aka shirya maka. Ka yanka sabnet biyu, wato ƙananan sassa a cikin VPC ɗin, ɗaya na fili mai hanya zuwa intanet, ɗaya na ciki. Ka sa sabar shafi a na filin, rumbun bayanai a na cikin, ka sa su yi magana. Za ka lura AWS na riƙe adireshi 5 a kowane sabnet, wato /24 ɗinka 251 zai ba ka.

Idan ya yi aiki, ka lalata shi da gangan. Ka goge hanya ɗaya daga tebur ka ga me zai mutu. Ka toshe hanyar dawowa a Network ACL, shingen da ke bakin sabnet, ka ga yadda saƙo zai shiga amma amsa ta ƙi fita, alhali Security Group, shingen da ke bakin ita sabar, da kansa yake tuna haɗin da ya bari ya shigo, ya ƙyale amsar ta wuce. Wannan darasi ya fi bidiyo goma, domin ainihin aikin ke nan: wani ya kira ya ce abu kaza ba ya buɗewa, kai kuma ka bi fakitin daga inda ya taso har inda aka tare shi. Idan ka gama kowane gwaji, ka goge komai.

Mataki na gaba shi ne wanda ke raba injiniyan sadarwa da sauran ma'aikatan girgije: haɗa girgije da waje. Ka koyi VPN na IPsec, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet, sannan BGP, ƙa'idar da rawutoci ke sanar da juna hanyoyi da ita, domin layukan haɗi na musamman, wato Direct Connect na AWS, ExpressRoute na Azure da Cloud Interconnect na Google, duk da shi suke musayar hanyoyi. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani kuskuren saiti ya sa hanyoyin BGP na sabobin DNS na Facebook suka janye, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wajen awa shida. Ka kuma kula da tsarin rabon adireshi tun farko. VPC biyu masu adireshi iri ɗaya ba za a iya haɗa su kai tsaye ba, kuma idan A na haɗe da B, B na haɗe da C, hakan bai ba A hanya zuwa C ba. Irin wannan ne ke kai manyan kamfanoni ga Transit Gateway, mahaɗa ɗaya da duk VPC ɗin ke haɗuwa a kanta.

Daga nan ka daina danne-danne da linzami. Duk abin da ka gina a baya, ka sake gina shi a rubuce da Terraform, manhajar da ke gina tsari daga rubutaccen umarni, ka ajiye a Git mai adana tarihin sauye-sauye, ka koyi ɗan Python don ayyukan da ke maimaita kansu. Ka saka wannan a GitHub tare da zanen tsarin da gajeren bayanin dalilin kowane zaɓi, amma ka tabbata babu kalmar sirri ko makullin asusu a ciki.

Sai yanzu satifiket zai yi maka amfani: AZ-700 idan Azure ka bi, Professional Cloud Network Engineer idan Google ne, a AWS kuma mutane kan fara da Solutions Architect Associate. Ka duba shafin kamfanin kafin ka biya, domin suna sauya jarrabawoyinsu, kuma takardun suna da wa'adi.

Kada ka raina aikin farko don ba shi da sunan girgije. Kula da sadarwa a ɗakin sa ido, ko taimaka wa ma'aikata idan kwamfutarsu ta ƙi haɗuwa, a nan ake ganin matsaloli na gaske. Duk wadda ka warware, ka rubuta alamarta, abin da ka zarga, da abin da ya zama sanadi. A ganawar neman aiki akan tambayi me ke faruwa daga lokacin da aka rubuta sunan shafi har ya buɗe. Ka yi atisayen amsa ta da baki, daga DNS zuwa TCP zuwa TLS mai ɓoye sirrin bayanan, har ka kai ga sabar da ke cikin sabnet ɗin da ka gina.