Kurakuran da sababbin masu hawan dutse ke yi wajen jakar goyo da ruwa

Duk Asabar ɗin da muka fita, ko Dala ne ko Goron Dutse ko kuma an haɗa kuɗin mota an nufi duwatsun Rurum, sai na ga sabon shiga ya zo da abin da na san zai sa shi kuka kafin azahar. Na gaji da maimaita magana a gindin dutse mutum yana gyaɗa min kai alhali ya riga ya kashe kuɗinsa, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Babban kuskure, kuma ni ma shi ya fara kayar da ni, shi ne sayen jaka da ido. Shekarar da muka fara zuwa Riruwai can Doguwa za mu kwana biyu, na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo na hango wata ƙatuwa mai lita 65 (da lita ake auna girman cikin jaka), launin ganye, ga aljihu ta ko'ina. Na ja zif sama da ƙasa, na duba sunan da ke jiki, muka yi ciniki na biya na rataya ta a hannun Adaidaita na tafi gida ina jin na yi tsintuwa. Ban goya ta ba wallahi, ko sau ɗaya. Ashe ta wani dogon Bature ce, bayanta ya fi nawa tsawo, bel ɗin da ya kamata ya zauna a ƙuguna sai ya sauko kan ɗuwawu yana lilo, ga bakin maƙalinsa ya tsage, da na ja sai ya suɓuce. Duk kayan nan, wajen kilo 14, suka koma kan kafaɗa. Awa biyu da fara tafiya yatsuna suka sage, na koma ina sa babban yatsa a ƙarƙashin madaurin ina ɗagawa kamar mai dakon buhu a Dawanau. Da muka dawo Kano kwana uku ko kabbarar sallah da ƙyar nake ɗaga hannu, Hajiya tana ta tambaya ko faɗuwa na yi a mashin nake ɓoyewa.

Jakar hawan dutse ƙugu ne yake ɗaukarta, kafaɗa riƙe ta kawai take yi kada ta yi baya. Kuma ba tsayinka ake aunawa ba, tsayin gadon bayanka ne. Sunkuyar da kai ka shafa ƙeyarka ƙasa, za ka ji wani ƙashi ya fito a gindin wuya, daga nan ake farawa, a tsaya a daidai saman ƙashin ƙugu inda kake dafa hannu in ka riƙe ƙugu. Kowane tela zai auna maka da tef ɗinsa a minti ɗaya. Nawa santimita 46 ne, tun ranar na rubuta a waya.

Abin da nake yi yanzu kuwa har dariya ake min a kasuwa. Ina sayen fiya wata guda 10, kilo 5 ke nan, in zuba a jakar a gaban mai kaya, in fara ɗaure bel na ƙugu, sannan na kafaɗa, sannan 'yan ƙananan nan biyu na sama da suke jawo kan jakar kusa da kai, na ƙirji shi ne ƙarshe. Sai in zaga layin rumfuna in dawo. Mai kaya zai ce Alhaji ai ba guduwa jakar za ta yi ba, ka ce masa ka sani. In ka ji kafaɗa ta fara magana a minti goma, ajiye masa abarsa ko da kyauta ce.

Kuma don Allah ku daina ruɗuwa da girma. Fitar yini lita 20 zuwa 30 ta ishe ka, kwana ɗaya ko biyu 40 zuwa 50. Babbar jaka sai ka cika ta, na ga wanda ya hau Goron Dutse da bargo. Suna ma haka, Osprey ko Deuter ko The North Face duk suna da na ƙwarai, amma kasuwa cike take da jabu, ni ɗinki nake dubawa da kaurin soson bel, in kuma leƙa ciki in ga ko rufin yana ɓarewa kamar fatar maciji. Jakar laftof ta makaranta kuwa ku bar ta a makaranta.

To ruwa. Nan ne raina ya fi ɓaci, don ciwon kafaɗa yana warkewa, ita ƙishirwa a kan dutse kwantar da mutum take yi.

Akwai jakar ruwan roba mai tiyo da ake sakawa a cikin jakar goyo kana tafiya kana zuƙa, irin ta CamelBak, ni salkar zamani nake ce mata. Tana da daɗi ƙwarai, amma ba ka ganin abin da ya rage. Wata rana a Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, na cika tawa lita 2 na ce ai ta isa. Ina ta zuƙa ina hira, muna can sama nesa da mota na ja sai iska, na sake ja sai ƙarar roba. Bakina ya yi ɗaci, kai yana sarawa, ƙafa ta fara ɗaurewa, sai wani ƙanin abokina da na gama yi wa wa'azin shiri da safe shi ya miƙo min gorarsa ya ce Yaya sha. Kunyar ta fi ƙishirwar.

Daga ranar ruwana kashi biyu ne. Salka ta sha a hanya, da gorar lita 1 a aljihun gefe wadda ba na taɓawa. In salka ta ƙare juyawa nake, ko da saman dutsen yana gabana ina kallo, gorar ta komawa ce. Wasu abokaina suna cewa tsoro ne, su ce. Lissafina rabin lita duk awa, da bazara kusan lita guda, kuma ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce a bayanka, wanda ya ɗauko lita 6 don hawa Dala shi ma wahalar da kansa ya yi.

Ku kuma masu zuba zoɓo da kunun aya a cikin salka, haba jama'a! Tiyon nan siriri ne, sukari ya shiga zafi ya bugo shi, kwana biyu za ka ga baƙin funfuna a ciki kuma warin ba ya fita. Ruwa zalla kawai. In ka dawo ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami, ka cire tiyon ka rataye, ka sa ludayi a bakinta ta zauna a buɗe har ta bushe. Turawa firiza suke jefa tasu, mu da wutar nan tamu ka fi aminci da igiyar shanya.

Da hunturu ma kada sanyi ya yaudare ka, iskar tana shanye gumin tun bai fito ba, ba ka jin ƙishirwa amma kana bushewa. Ka lura da fitsarinka, in ya koma kalar shayi ka makara. Ina tafiya da ledar ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, guda biyu daga kyamis, in babu to lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan rafi a Falgore sai an tafasa, na tsofaffin ramukan kuza a Riruwai kuwa ko an tafasa ba na sha, wuta tana kashe ƙwayar cuta amma ba ta cire abin da ya narke daga ma'adini.

Sauran ƙanana ne. Kaya masu nauyi su jingina da bayanka, kada su zauna a gindin jaka ko aljihun waje. Kada ka haɗa fiya wata da waya da pawa bank a aljihu ɗaya, zama guda a kan jakar ya isa. Da damina ka sa babbar baƙar leda a ciki kafin ka zuba kaya. Gorar da za ka daskarar rabi za ka cika, da safe ka ƙarasa. In ka sha a tiyo ka hura sauran ya koma ciki, in ba haka ba kurɓin farko kamar ruwan wanka. Ledar da ka shanye kuma ka mayar aljihu, Asabar ɗin da ta wuce guda 23 na tsinto a hanyar sauka daga Dala.