Yadda za ka bi tarihin Chicago Bulls ka gane shi

In kana son sanin tarihin Bulls, kulob ɗin ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, kar ka fara da kofuna, fara da shan kashi. An kafa kulob ɗin a 1966, shekarun nan ka wuce su da sauri, ka tsaya a 1984 da suka ɗauko Michael Jordan.

Daga nan shiga YouTube ka nemo wasanninsu da Detroit Pistons na 1988 zuwa 1990, sau uku a jere Pistons na fitar da su, duka kawai suke yi wa Jordan duk sanda ya nufi raga, wallahi sai ka kalli wannan za ka gane me ya sa ya rungume kofin 1991 yana kuka. Ka sa ido kan Scottie Pippen da koci Phil Jackson ma, mutane na yawan mantawa da aikinsu.

Kofuna shida ne, 1991 zuwa 1993, sai 1996 zuwa 1998, a tsakani Jordan ya tafi buga besbol. Kakar 1995-96 kuwa sun ci wasa 72 cikin 82, nemi cikakken wasa ko ɗaya ne ka kalla, gajerun bidiyo ba sa nuna yadda suke tsare gida. Sannan ka zo kan Derrick Rose da MVP ɗinsa na 2011, wato kyautar gwarzon ɗan wasan kakar.