Kurakuran da ke sa wasan PS ya lalace a sabuwar tele

Ƙanena yana da ɗakin wasan PS, wato PlayStation, a Zango. Bara ya tara ƴan kuɗinsa, ya rabu da tsofaffin tele masu ƙeya, ya sa aka kawo masa manyan filasma daga Kano. Ba a yi kwana uku ba samari suka fara guna-guni, wai ƙwallo ta yi nauyi, kana danna maneti ɗan wasa na yi maka kunnen uwar shegu. Da dare ya kira ni, ya ce: “Yaya, an cuce ni, jabu aka ba ni.” Na ce ya dakata in zo kafin ya je ya tayar wa mutane da hankali. Da na je na tarar tele lafiya lau suke, saitin ne ba a taɓa ba tun da aka fiddo su daga kwali.

Babban kuskuren, wanda ya fi sauran duka ɓarna, shi ne yin wasa a saitin kallo. Tele mai ƙeya ba ta da wani tunani, abin da ya shigo mata shi take zubawa nan take. Ta zamani kuwa sai ta karɓi hoton, ta goge shi, ta ƙara masa launi, ta daidaita motsi, sannan ta nuna. Mai kallon labarai ba ruwansa da wannan jinkiri. Mai maneti a hannu shi ke shan wahala. Wasan da ke tafiya da hoto 60 a sakan ɗaya, kowane hoto na ɗaukar ƙasa kaɗan da kashi 17 cikin dubu na sakan. Tele da yawa, in an bar su yadda suka zo, jinkirinsu na kai kashi 100 cikin dubu, wato kana bayan wasan da hoto shida. A wasan ƙwallo irin PES ko FIFA wannan ya isa a ƙwace maka ƙwallon da kake ganin ka riga ka bayar. Maganinsa na cikin telekomand: shiga saitin hoto ka zaɓi yanayin wasa, wanda tele mai Faransanci ke rubutawa Mode Jeu. A tele mai kyau jinkirin kan sauko tsakanin 10 da 20. Amma a kula, tele da dama kowace kafa ta HDMI, wato inda ake soka wayar hoto ta zamani, da nata saiti. In ka cire waya daga ta ɗaya ka mayar ta biyu, sai ka sake kunnawa. A nan ne ƙanen nawa ya sake faɗawa bayan mako guda.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne barin abin da ke santsa motsi a kunne. LG na kiransa TruMotion, Sony na kiransa Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus. Aikinsa ƙirƙiro hotunan da babu su ya cusa tsakanin na gaskiya. Shi ya sa za ka ga ƙwallo in an buga ta da ƙarfi tana da inuwa biyu, ko gefen ɗan wasa na rawa kamar kawalwalniya a hanyar Tanut da rana tsaka. Kashe shi gaba ɗaya.

Sai maganar waya. Har gobe akwai masu haɗa PS3 da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, saboda ita aka saba da ita tun zamanin bidiyo. Wannan waya ba ta iya ɗaukar hoto mai inganci ko kaɗan, layi 576 ne iyakarta, komai tsadar telenka. PS3 na da kafar HDMI tun fitowarta a 2006, a yi amfani da ita. In ka sauya waya allo ya yi baƙi, kashe na'urar, ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe har ka ji ƙara ta biyu, za ta sake neman hoton da kanta.

PS2 ita ce mai wuyar sha'ani, kuma ita ce har yanzu ta cika ɗakunan wasa na unguwa don tana da arha da juriya. An yi ta a shekarar 2000, domin tele mai ƙeya. Yawancin wasanninta ɗigogin hotonsu ba su kai dubu 300 ba, alhali tele mai 4K, wato 3840 sau 2160, ɗigo sama da miliyan 8 take da shi. Dole ta ja ɗan ƙaramin hoton nan ta shimfiɗa shi ya cika allo, kamar a dama fura ɗaya a raba wa mutum talatin: kowa zai samu, amma ruwa ne. Tsohuwar tele tana ɓoye kaushin hoto da laushinta, sabuwa kuwa tona asiri take, kuma girmanta na ƙara fito da aibin, balle ga yaron da ya zauna taku biyu da allo. Abin da za a iya ragewa: in telen na da kafafun kore da shuɗi da ja, a nemi wayar PS2 mai kai biyar, a shiga saitin na'urar a mayar da fitar hoto kan Y Cb/Pb Cr/Pr. A bar faɗin hoto a 4:3, kada a miƙe shi ya cika allo ƴan wasa su koma gajeru masu tumbi. Ƙananan akwatunan nan masu juya wayar rawaya zuwa HDMI kuwa, ni ban ga abin da suke ƙarawa ba sai dishi-dishi.

Wani abin da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne ƙure kaifin hoto, a ɗauka zai ƙara tsabta. Farin zane kawai yake sa wa gefen komai. Rage shi sosai. Haka ma in ka ga an yanke lokacin wasa ko sunan ƙungiya a gefen allo, telen ce ke zuƙo hoton, nemi zaɓin da ke nuna shi daidai da allo.

Akwai kuma yanayin shago. Ranar da aka fara kunna tele tana tambaya: gida ko Magasin, wato shago? Masu sayarwa kan bar ta a na biyu don ta yi ƙyalli a idon mai saye. In tana nan, duk gyaran da ka yi bayan ɗan lokaci sai ta watsar ta koma launinta mai kashe ido, kai kuma ka ɗora laifin a kan ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Mayar da ita ta gida.

Masu PS4 Pro da PS5 nasu kuskuren daban ne. Wasu tele sai an buɗe wa kafar HDMI cikakken ƙarfi a saiti kafin ta karɓi 4K da HDR, wato tsarin da ke ƙara wa hoto haske da zurfin launi, yadda ya kamata. Kuma tele mai arha da aka liƙa wa sunan HDR sau da yawa ba ta da hasken da zai ɗauke shi, sai hoto ya yi duhu, launi ya koɗe. In haka ka gani, kashe HDR daga cikin na'urar, ba abin kunya ba ne.

Mun gyara filasma huɗu a daren nan, na PS4 da PS3 suka dawo daidai. Ta PS2 ce ta ƙi, duk yadda muka yi. Washegari ƙanen nawa ya tafi kasuwar Dole neman tele mai ƙeya, ya samo wata mai inci 21 da ƙura ta rufe, aka kuma sayar masa da ita sama da yadda ya sayar da tasa.