Kurakuran da aka fi yi wajen riƙe zomon da ya ƙi a ɗauke shi

Masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Abin da suke nufi daban ne, amma duk wanda ya ajiye zomo a gida zai ce kamar da shi suke. Zomon da ke cin ganye a tafin hannunka, ya zo ya miƙe kusa da ƙafarka, shi ne zai rikiɗe da zarar ka raba shi da ƙasa. Shure-shure, yakushi, wata rana har cizo. Sai mai shi ya ce taurin kai ne, ya ƙara matse shi. Daga nan ake fara ɓata lamarin.

Zomo abin farauta ne. A daji babu mai ɗaga shi sama sai shaho ko wani mai shirin cinye shi, kuma zaman gida bai wanke wannan tsoron daga jininsa ba. Ga shi kuma gwanin ɓoye ciwo, domin a dawa wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Ke nan dole ka riƙa duba lafiyarsa a kai a kai, alhali shi ya tsani riƙon da ake yi masa don dubawar.

Babban kuskure, wanda sauran suke bin bayansa, shi ne zaton cewa sai an ɗauke shi ake duba shi. Yawancin abin da kake nema za ka gan shi yana tsaye da ƙafafunsa huɗu. Zauna a ƙasa, ka ajiye masa ganyen da yake so. Yana ci kana kallo. Akwai kwantsa ko hawaye a idonsa? Hancin a bushe yake? Zomo da ƙafafun gaba yake goge majina, don haka idan gashin cikin ƙafafun ya manne ya cukurkuɗe, hancin na zuba ko da ba ka gani ba. Haɓa a jiƙe da yawu alama ce ta haƙori, kuma haƙoran zomo 28 ne, duka suna tsiro har ƙarshen rayuwarsa, na gaba kusan milimita 2 a mako. Kana shafa kansa sai ka zarce da yatsu ta ƙasan muƙamuƙi ka ji ko akwai kumburi, ka bi ta bayansa ka ji ko ƙashin ya fara fitowa. Nauyi ma ba ya buƙatar kokawa: sa shi ya shiga kwandonsa da kansa, ka ɗora kwandon a sikeli, ka cire nauyin kwandon. Sannan ka leƙa inda yake kashi. Ƙwayoyin da suka ƙanƙance ko suka ragu sun fi duk wani riƙo ba da labari.

Abin da ya rage wanda sai an ɗaga shi kaɗan ne: ƙarƙashin wutsiya, tafin ƙafafun baya, yankan farce, da shan magani.

Kuskure na gaba yana faruwa tun kafin hannu ya taɓa shi. Mutum ya tsaya a kansa, ya zura hannu cikin keji, zomo ya gudu lungu, a bi shi a ritsa. Kafin a kama shi zuciyarsa ta riga ta tashi. Kejin nan shi ne raminsa, kuma zomanyar da ba a yi wa aikin cire mahaifa ba ta fi kowa tsare wurinta, za ta yi gurnani ta kawo sara. Bar shi ya fito da kansa. Ka tsuguna, ka zo ta gefe. Idanun zomo a gefen kai suke, yana hango kusan duk kewayensa, amma dab da hancinsa akwai wurin da ba ya gani. Yadda ake miƙa wa kare hannu ya shinshina, idan ka yi wa zomo haka sai ya ji abu ya taɓa shi bai ga zuwansa ba. Sa hannun a inda ido ɗaya ke ganinsa, ka shafa goshi, ka jira ya kwantar da kai.

Maganar ɗauka da kunne ba ta da tsawo: ba a yi, ko na daƙiƙa ɗaya. Kunnen cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake fitar da zafin jiki, kuma ba a halicce shi don ɗaukar nauyi ba. Cafke fatar ƙeya a ɗaga shi yana reto ma haka ne. Wasu kan ce ai haka kyanwa ke ɗaukar 'ya'yanta. Zomanya ba ta ɗaukar nata haka.

Inda ake yin asara ta gaske shi ne barin ƙugu yana lilo. Ƙasusuwan zomo kashi 7 zuwa 8 ne kacal cikin 100 na nauyin jikinsa, na kyanwa kuwa sun kai 12 zuwa 13. A kan wannan siririn ƙashi aka ɗora cinyoyi masu ƙarfin gaske. Idan ka riƙe gabansa ka bar bayan a iska, ya yi shuri ɗaya da iya ƙarfinsa, yana iya karya ƙashin bayansa da kansa, galibi a gaɓar ƙarshe ta wajen ƙugu. Ba faɗuwa ya yi ba, ba buge shi aka yi ba, a hannunka abin ya faru. Ka ajiye shi ka ga yana jan ƙafafun baya, ba ya iya riƙe fitsari. Da yawa ba sa tashi daga wannan.

Gyaran shi ne hannu biyu, kuma su yi aiki lokaci ɗaya. Ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, bayan ƙafafun gaba. Ɗaya ya tallafe mazaunai. Kana ɗagawa ka manna shi a jikinka nan take, kada ka riƙe shi nesa da kai kamar wanda ya ɗauko tukunya mai zafi. Ƙafafunsa su sami abin takawa, ƙirjinka ko damtsenka, bayansa kuma ya zauna a ɗan lanƙwashe yadda yake a tsugune, don daga miƙewa ake yin shurin. Da yawansu sukan natsu idan suka cusa kai a lungun gwiwar hannunka, idanu a rufe, hanci a buɗe. Riƙon ya zama mai tabbas, ba matsewa ba. Hannun da ke rawa yana inda-inda ya fi tsorata shi.

Idan ya fara wutsil-wutsil fa? A nan mutane kan yi ɗaya cikin biyu, su matse shi har haƙarƙari, ko su sake shi daga tsaye don ya yakushe su. Duka biyun ɓarna ne. Ka durƙusa da shi a manne a jikinka har ka kai ƙasa, sannan ka saki. Wajen saukewa ma akwai dabara: zomo na hango ƙasa zai yi tsalle kafin ka isa, don haka a sauke shi ta baya, mazaunai su fara taɓa ƙasa, fuskarsa na kallonka.

Ni tebur ne ya koya mini hankali. Wata zomanya gare ni mai launin toka, na ɗora ta kan tebur mai santsi zan yanke mata farce, na juya in ɗauko abin yankan. Ƙafafunta suka zame, ta firgita, sai ƙarar faɗuwa na ji. Allah ya taƙaita, farce ɗaya ne ya cire daga tushe, ta yi kwanaki tana ɗingishi. Likitan dabbobin da ya duba ta ya tambaye ni, "Malam, me ya kai ta tebur?" Na ce don in gani da kyau. Ya ce to ni in sauka, ita ba ta da abin yi a sama. Tafin ƙafar zomo gashi ne zalla, babu tsokar nan mai kama ƙasa irin ta kare da kyanwa, shi ya sa tayil ko tebur ke zame masa tamkar an zuba mai. Tun daga ranar a ƙasa nake zama, tawul a shimfiɗe, kayan aiki duk a gefen gwiwata kafin in taɓa ta.

Akwai kuskuren da ya fi sauran yaudara, domin yana kama da nasara. A kwantar da zomo rigingine, sai ya yi tsit, ƙafafu a sama, ido a lumshe. Mai shi ya ce ka ga ya ji daɗi har ya yi barci. Ba barci ba ne. Sandarewa ce ta dabbar da ta ga an riga an kama ta, ta yi kamar ta mutu ko mai farautar zai sassauta. A cikin wannan halin sinadaran tsoro suna hauhawa a jininsa, kuma yana iya zabura ba zato ya murɗe bayansa. Gaba kuma sai ya ƙara gudunka. Na san abin da ya sa ake yi, farce na yankuwa cikin sauƙi. A ganina sauƙin bai kai kuɗinsa ba. Idan ƙarƙashinsa kake son gani, ka zauna, ka jingina bayansa a cikinka yana zaune a kan cinyarka, hannu ɗaya a ƙirjinsa, wani ya duba. Ko ka ɗan ɗaga gabansa kawai, ƙafafun baya na ƙasa, ka haska da tocila.

Kuma wannan dubawar ba ta ɗaguwa zuwa gobe, musamman lokacin zafi. Idan kashi mai laushi ya manne a gashin ƙarƙashin wutsiya, ƙuda na zuwa ya yi ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana ɗaya ta fara cin nama. Ka ga tsutsa, kai shi likita a lokacin. Ka ga datti kawai, goge wurin da tsumma mai ɗumi ka busar. Kada ka tsoma shi cikin ruwa da sunan wanka.

Tawul babban mataimaki ne idan an iya shi. A ɗora zomo a tsakiya, a naɗo gefe da gefe, a rufe ta baya don kada ya zame da baya, kai kaɗai a waje. Sai a zaro ƙafa ɗaya a yi abin da za a yi a mayar. Inda ake kuskure shi ne rufe hanci. Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi, ka toshe shi ka shaƙe shi ke nan. Na biyu, daɗewa. Zomo ba ya jure zafi, ga tsoro ga naɗi, jikinsa kan ɗauki zafi da sauri, don haka a zaɓi lokacin da gari ya yi sanyi, a gama cikin 'yan mintoci. A cikin naɗin nan ake ba da magani: sirinji ya shiga ta gefen baki, a giɓin da ke bayan haƙoran gaba, kaɗan-kaɗan, yana zaune daidai, ana ba shi damar haɗiyewa. Magani a rigingine yana iya bin hanyar huhu.

Farata 18 ne, biyar-biyar a gaba, huɗu-huɗu a baya, kuma babu wanda ya ce sai an gama su a zama ɗaya. Ƙafa ɗaya yau, ɗaya gobe, ya fi kokawar rabin sa'a. A farce mai haske za ka ga jan jijiya a ciki, ka yanka nesa da ita. A baƙin farce ka haska tocila ta baya. In an yi kuskure jini ya fito, danna ɗan garin fulawa a wurin ka riƙe.

Yanzu ka tambayi kanka: yaushe hannunka ke zuwa jikin zomon nan? Idan amsar ita ce ranar farce da ranar magani kaɗai, ai ya yi gaskiya da yake gudu. Ana sabar masa ne a ranakun da babu abin da ake nema. Yau ka shafa kai ka gangara kafaɗa, ka ba shi ɗan abin da yake so. Bayan kwana biyu ka sa hannu ƙarƙashin ƙirji ka cire. Sannan ka taɓa ƙafa. Sannan ka ɗaga gabansa kaɗan ka ajiye, tun kafin ya fara mutsu-mutsu. Ya buga ƙafa a ƙasa ko ya maƙe kunnuwa ya ƙame, ka yi gaggawa, koma matakin baya. Wani makonni zai ɗauka, wani watanni, wani kuwa har abada ba zai so ɗauka ba, sai dai ya haƙura da ita. Wannan ma ya wadatar. Tsawa da ɗan duka a hanci ba sa koya masa komai sai tsoronka. Yara kuma su yi wasa da shi a zaune, su bar ɗauka ga manya.

Sai wanda da yana yarda, kwatsam ya daina. Kada ka ce ya lalace. Ciwo ne ake fara zargi: gaɓoɓi idan ya tsufa, kunne, haƙori, ko ciki. Haka kuma wanda kullum sai an yi dambe da shi, yau ka ɗauke shi ya yi laƙwas, ba shiryuwa ya yi ba. Zomon da ya takure a lungu yana cizon haƙora da ƙarfi, ko ya kai sa'o'i 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ko ya buɗe baki yana numfashi, ba na juyawa da lalube a gida ba ne. Riƙo mai tsanani a wannan halin yana iya ƙarasa shi.

Irin wannan sai likitan dabbobi. Ka sa shi a kwando mai buɗewa ta sama, da tawul a ƙasa don kada ya zame, da ciyawa a ciki. In yana da abokin zama da suka shaƙu, su tafi tare. Kuma kada ka hana shi abinci don za a je asibiti, ko da aiki za a yi masa: zomo ba ya amai, cikinsa kuwa in ya tsaya da aiki, tayar da shi wata jinyar ce daban.